Takardar Ɗage Shari'a

Karo na huɗu ke nan Subedar Fazal Dad yana shigowa kotun iyali ta garin Chakwal da takarda a aljihun ƙirji, jikarsa Rubina tana riƙe da sandarsa. Tsohon soja ne, idonsa ya yi hazo, zuciyarsa kuma likita ya ce ta zama tsagaggen tulu, a riƙa ɗauka a hankali.

Mai ƙara Shamim ce, uwar yarinyar. Shekara biyu da suka wuce ɗan tsohon, Sarfaraz, ya sake ta, ya bar Rubina a gidan mahaifinsa, ya koma bakin daga can saman duwatsun ƙanƙara. Shamim ta kai ƙara a ba ta 'yarta. Da hannunta ta buga takardar ƙarar, don aikinta ke nan, buga takardu da tafireta a makarantar 'yan mata.

Doka kuwa ta ce sojan da ke bakin daga ba a yanke masa hukunci a bayan idonsa. In shugaban rundunarsa ya rubuto, sai a jira.

"Ga ta, ranka ya daɗe," in ji tsohon, yana miƙa wa alƙali Raja Mumtaz takardar. "Shekaranjiya ɗan gidan waya ya kawo. Yarona yana nan kan aiki. Can ko tawada daskarewa take, shi ya sa ba ya rubuto mini da kansa."

Ya juya inda yake jin Shamim take. "Ke kuma, mai taurin kai, kin ci abinci kuwa?"

"Na ci, Taya-ji. Ka sha maganinka?"

Haka take kiransa, don yayan mahaifinta ne. Shi ya raine ta tun tana marainiya, shi ya ɗaura mata aure da ɗansa.

Rubina ta leƙo ta bayan rigar kakanta. Shamim ta kawar da kai, ta kama bakin mayafinta tana murzawa da yatsun da suka yi baƙi-baƙi da tawadar tafireta.

Alƙali bai buɗe takardar nan take ba. Tun zaman da ya wuce hatimin da ke kan takardun ya dame shi, ya cika dishi-dishi, har ya rubuta wa rundunar da kansa. Amsa ta iso da safen nan, tana ƙarƙashin hannunsa: wata bakwai ke nan da dusar ƙanƙara ta rufta wa Sarfaraz da abokansa biyar, ba a ga gawa ba. Rundunar ba ta taɓa neman a ɗage komai ba. An aika da labarin rasuwar ga wanda mamacin ya rubuta a matsayin makusancinsa tun ranar da ya shiga aiki.

Ya dubi tsohon. Takardar jabu a gaban kotu laifi ne mai kai mutum kurkuku, ko da furfura. Da kalma ɗaya yau yarinya za ta bi uwarta gida.

"Subedar sahib, ka san abin da ke cikin takardar nan?"

"Maƙwabci ke karanta mini. Sau uku nake sa shi ya maimaita wurin da aka ce yana cikin ƙoshin lafiya." Ya yi 'yar dariya. "Tsufa ke nan."

Alƙali ya juya ga Shamim. "Baiwar Allah, wata bakwai kina jira. In kin ƙi ɗagewar nan, yau zan saurare ki."

Ta daɗe tana kallon 'yarta. Gashin yarinyar an kitsa shi a karkace, kitson hannun namiji.

"A ƙara masa wata biyu, ranka ya daɗe," ta ce, muryarta can ƙasa. "Sanyi ya kusa wucewa."

Alƙali ya buɗe takardar. Kamar ukun baya, da tafireta aka buga ta, duk inda harafin "r" ya fito sai ya ɗan zame ƙasa da layi, kamar mai ɗingishi. Ya san ya taɓa ganin ɗingishin nan. Ya janyo fayil, ya koma shafin farko.

Ga shi nan a takardar ƙarar, tun daga layin farko har zuwa sunan mai ƙara, sunan makusancin da Sarfaraz bai taɓa sa a goge daga littafin rundunarsa ba.