Lungun da Makara Ba Ta Wucewa

Tun da aka fara zuba gidaje da inji a Gusau, bango ya daina fashewa. Ko an sare shi da gatari, kafin a sauke hannu ya haɗe kamar ba a taɓa shi ba. Mudassir, matashin mai zanen gini, shi ya zana sabuwar unguwar. Har lambar yabo ya samu don ya soke zaure, ya sa siririn lungu mai lanƙwasa, wai iska ta fi zagayawa.

Da hantsi aka kira shi gidan Malam Ɗanlami, wanda mahaifiyarsa ta rasu. An yi mata wanka da sutura, amma makara ta ƙi shan kwanar lungun. Maza sun sari bangon har sun gaji, yana ta haɗewa.

"Baba, Allah ya jiƙanta," in ji Mudassir.

"Riƙe ta'aziyyarka. Da kake zanenka, ce maka aka yi ba a mutuwa a gidajen nan?"

"Na auna kujera da firji, duk suna wucewa. In aka ɗaga makarar tsaye, za ta fita."

"Uwata za a jingine kamar tabarma?" Malam Ɗanlami ya matso har numfashinsa yana dukan fuskar Mudassir. "Kai taka uwar tana raye?"

"Tana nan."

"A ina take zaune?"

Mudassir ya kalli lungun. Gidan farko da injin ya zuba, mai irin wannan lungun, uwarsa ya ba.