Kyautar da Gost Radashin Ya Kai Dubrovnik

Sai da barori suka tallafi Gost Radashin kafin ya sauko daga alfadari a ƙofar majalisar birnin Dubrovnik. Dattijo ne a cocin Bosniya, jakadan sarkin yaƙi Dragisha, kuma bai taɓa ƙyamar aike kamar wannan ba. Duk da zafin bakin teku, a ƙudundune yake cikin baƙar alkyabba.

Mutanen ƙauyensa na kulle a tashar jiragen ruwa, fatake na jiran iska su wuce da su kasuwar bayi. Majalisa ta ce za ta fanso su, in Dragisha ya aiko da hannun wani waliyyi da aka daɗe ana cewa yana ɓoye a fadarsa.

Aka buɗe akwatin da ya kawo gaban bishop ɗin birnin. Busasshen hannu ne, baƙi ƙirin, yatsu a lanƙwashe.

"Tsoho," in ji bishop, "mun san ku 'yan kan tudu ba ku ganin girman waliyyai. Za ka rantse?"

"Na rantse hannun nan bai taɓa zub da jini ba," in ji Radashin, ya dafa Linjila.

"Ku ga ɗan bidi'a," wani attajiri ya raɗa, "har rantsuwa da hagu yake yi."

Suka yi layi suna sumbatar hannun. Wani ya goga shi a kan gyambonsa, wata ta lashi farcen don ta sami haihuwa. Bishop ya shinshina, ya ce ƙamshin Aljanna ne. Radashin ya san ƙaurin hayaƙin madafar Dragisha ne, inda ake rataye cinyoyin alade. Ya tsaya har aka gama.

Da hantsi aka kwance mutanensa. A bakin ƙofar gari wata tsohuwa daga cikinsu mai suna Stana ta durƙusa gabansa.

"Baba, ba ni hannunka in sumbata."

Ya ja baya, amma ta riga ta yaye alkyabbar. Ta kasa ɗauke ido daga dungun hannunsa na dama.

"Rufe, Stana," ya ce. "Dragisha ba shi da wani waliyyi. Da suka nemi hannun mutumin Allah, ni ne ya tarar tsaye kusa da shi."