Mai Kujera Ta Biyu

Ba a gama ɗora kwale-kwalen a kan maratayansu ba Mista Pruitt ya faɗo rumfar ajiya, wayarsa a ɗage sama kamar wanda ya kamo ɓarawo.

Kowa a garin ya san Mista Pruitt ya yi wasan tuƙin kwale-kwale a jami'a, don ba ya bari a manta. Shekara talatin ke nan, amma har yau rigar ƙungiyarsu yake cusa jikinsa a ciki, tumbi na leƙowa ta ƙasa. 'Yarsa Delaney na cikin 'yan matan sakandaren da suka fara tuƙi bana. Tun kaka take zama a kujera ta huɗu, wadda sauran ke bin bugunta, kuma babu mai sayar da fetur a jihar Ohio da bai ji wannan labari ba. Tafin hannun sauran yara duk bororo da kanta, nata sumul. "Iya riƙo ne," in ji uban. "A jini yake."

Ranar Talata Koci Wozniak ta yi gwajin musanya don ta fitar da masu zuwa gasar Asabar. Kwale-kwale biyu, 'yan mata huɗu-huɗu, su yi tsere. Sai a ɗauki ɗaya daga nan a kai can, a sake. A irin wannan rana koci jujjuya yara take yi yadda ta ga dama, ba ta tambayar kowa. Duk jirgin da Delaney ta shiga, baya yake zuwa. Aka cire ta. Ba ta yi kuka ba, sai dai ta tambayi koci har sau biyu ko wadda aka cire dole ne ta zo ranar Asabar.

Mista Pruitt ya ɗauki bidiyon jirgin 'yarsa a tseren ƙarshe da wayarsa daga kan gada, cikin yayyafi. Kwana biyu yana kallonsa, yana tsayarwa, yana mayarwa. Yau da safe ya zo da sakamakon bincikensa, daidai lokacin da iyaye suka taru da kofi da burodi.

"Koci, an yi wa 'yata maƙarƙashiya. Akwai wadda ta saki hannu da gangan don jirgin ya zo baya."

"Mista Pruitt, mu shiga ofis."

"Ofis? A nan za a yi, gaban kowa. Ko akwai wadda kike rufa wa asiri?"

Bai jira amsa ba. Ya jona wayar a jikin talabijin ɗin bango. Daga saman gada ba a ganin fuska, sai fararen huluna huɗu da rigunan ruwa iri ɗaya. Amma shi, ya ce, ba ya buƙatar fuska. Kowane filafilin tuƙi in ya fita yakan bar sawunsa a ruwa. Mai ja da gaske, nata sawun mai zurfi ne, baƙi, yana juyawa. Mai ha'inci kumfa kawai take bari.

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne abin haushin. Allah kan ba mutum sani ya hana shi hankalin riƙe shi.

"Ku dubi ta huɗu," ya ce, yana ƙwanƙwasa gilashi da ɗan yatsa. "Kun ga rami? Wannan shi ne tuƙi. Ba koyo ake yi ba, haihuwar mutum ake yi da shi. Yanzu ku dubi ta biyu. Ko shayi take motsawa ya fi haka."

Babu wanda ya yi dariya. Duk idanu suka koma kan Priscilla Yoder, wadda ta biyu ce kujerarta tun farkon shekara. Doguwa ce mai kunya, ga yatsu a naɗe da filasta. Uwarta na tsaye bayan tebur da butar kofi a hannu. Leɓɓanta ne kawai ke motsi, ita da Ubangijinta.

"Dokar ƙungiya a rubuce take," in ji Mista Pruitt. "Ni na zauna a kwamitin da ya rubuta ta. Wadda ta yi ha'inci a gwaji, kora ce. Ba gasar Asabar kaɗai ba, har ta gama makaranta."

"Ka tabbata kora kake so?" in ji koci.

"Yau. Kafin in bar nan."

"Ina ba ka shawara ka koma gida ka kwana a kai."

"Na kwana biyu a kai, Koci. Ke dai yi aikin da aka ɗauke ki."

Koci Wozniak ta dube shi tsawon lokaci, irin kallon da ake yi wa mai tafiya da baya a bakin kogi. Ta ciro takardar da ta rubuta jerin zaman ranar Talata daga aljihunta, ta riƙe a naɗe. Priscilla ta sunkuyar da kai.

Sai aka ji an ajiye filafili a ƙasa can bayan rumfa. Delaney ce. Ta ratso tsakanin iyaye har gaban talabijin, ta tsaya tana kallon hulunan huɗu.

"Koci, bar takardar," ta ce. "Baba, wadda ka yaba Priscilla ce. Ni ce a ta biyu, kuma da gangan na yi."