Itacen Girkin Ranar Dashen Bishiya

Hasanatu ta sake hura wutar, hayaƙi ya turnuƙe ta har da hawaye.

"Tir! Wane marar imani ne ya kawo ɗanyen itace?" in ji ta.

Ita aka ɗauko ta dafa wa manyan baƙi shinkafa, don yau ake bikin dashen bishiya a Gagarawa. Daga fili tana jiyo wani mai babbar riga a lasifika: "Duk wanda ya sare bishiya, shi ya gayyato hamada!"

Ta ja tsaki. Watan jiya malamin daji ya ƙwace mata gatari saboda busasshen reshe ɗaya. Kananzir ya gagari talaka, tun ranar da kashin shanu take girki, tuwonta ma warin turke yake yi.

Obed direba ya sauke wani ɗaurin itacen. Ta zaro guda, ga ganyen darbejiya kore shar a jiki.

"Malam Obed, daga ina wannan?"

"Daga fili mana, Inna. Waɗanda aka dasa shekara huɗu da suka wuce."

Rani biyu ta yi tana ba su ruwa da tulu.

"Me suka yi aka sare su?"

"Nan ne bakin titi, inda mai hoto yake so. In ba a sare su ba, ina baƙi za su dasa na bana?"

Ya juya zai tafi, ya waiwayo.

"Af! Malamin daji yana gaishe ki. Ya ce gatarinki akwai ci."