Ganyen Da Aka Busar A Tanda

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah ya hore wa natsuwar zama da takarda a wannan zamani da kowa ke gudu ba a san abin da ya koro shi ba, ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, ina kuma roƙon ka ara mini kunnen basira na ɗan lokaci. Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina koyarwa a jami'a, tun zamanin da ɗalibi ba ya shiga aji sai ya goge takalminsa, kuma a tsawon wannan hidima na ga masu ilimi iri-iri sun zo sun wuce. Ba zan kama sunan kowa ba, domin tonon silili ba ɗabi'ar dattawa ba ce. Misali kawai zan buga maka, ka auna shi da hankalinka.

An yi wani saurayi mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya gama karatun harhaɗa magunguna, ya dawo neman digiri na biyu. Bai tsaya nan ba, da yamma yakan tsallaka sashen falsafa ya zauna a darasin manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, inda ya tsinci wata ƙa'ida ya riƙe ta gam: duk maganar da mai ita ya kasa kawo mata hujja, ba ilimi ba ce. Bincikensa kuwa a kan wani ganye ne mai ƙamshi da ke tsirowa a bakin rafi da damina, wanda wata tsohuwa a wani ƙauye take yi wa yara maganin makero da shi, cutar nan mai cinye gashin kai ta bar fili. Shekara biyu aka ɗibar masa. In ya zarce su, gurbin koyarwar da aka ajiye masa a jami'ar sai a ba wani.

Da ya je ƙauyen, tsohuwa ta cika masa buhu da ganye, ta ce, "A inuwa za ka shanya shi, angona, cikin ɗaki, kwana goma sha biyu. Kada rana ta gan shi, kada ya kusanci murhu." Ya ce, "Mene ne dalili, Kaka?" Ta ce, "Dalili? Haka na ga uwata tana yi. Kai da ka girma da tuwo, ka taɓa tsare miya ka tambaye ta dalilinta?" Ya yi dariya, ya rubuta maganar a littafinsa, ya sa mata kalma ɗaya a gefe: camfi. A ɗakin gwaji akwai tanda mai busar da ganye cikin awa shida. Sai ya shimfiɗa hujjarsa yadda aka koya masa: bushewa ita ce fitar ruwa daga ganye, ruwa kuwa bai san inuwa ba, bai san wuta ba, saboda haka duk ɗaya ne. Ya busar, ya niƙa, ya tace, ya ɗiga a kan ƙwayoyin cutar cikin faifan gilashi. Sau uku yana maimaitawa, ƙwayoyin suna ta yaɗuwa abinsu. Ya rubuta cewa ganyen ba shi da wani amfani, ya ƙara da babi guda a kan yadda jama'a ke gaskata abin da ba shi da hujja, kuma da wannan babin ya fi alfahari. Har ya aika wa malamin asibitin ƙauyen da sakamakon, iyaye mata suka ɗauke ƙafa daga gidan tsohuwa, wasu ma suka fara kiranta 'yar damfara.

Ranar kare kundi, ni ne a kujerar shugabanci. Cikin masu jarrabawar akwai wata malama da aka gayyato daga wata jami'a, mace marar yawan magana. Ta bari ya gama zuba, sannan ta buɗe kwalbar garin ganyen ta sunsuna. Ta ce, "Ɗana, a shafi na huɗu ka ce ganyen yana da ƙamshi mai ƙarfi. Ina ƙamshin ya tafi?" Ya ce ai a tanda ya busar. Ta ce, "Irin wannan ganye, sau da yawa ƙarfinsa yana cikin man da ke ɗauke da ƙamshin, zafi kuwa kore shi yake yi. Mai maganin ba ta faɗa maka yadda ake shanya shi ba?" Littafinsa na gabansa. Ya ce, "Ta faɗa, ranki ya daɗe." Ta ce, "Ka bi nata ka ga bai yi ba?" Ya ce, "Ban bi ba." A nan ya gane cewa shekara biyu ya yi yana gwada nasa maganin, na tsohuwa ko taɓa shi bai yi ba.

Mu dai ba mu ce ganyen yana warkarwa ba, domin har wannan rana babu wanda ya gwada shi. Muka mayar masa da kundinsa, ya jira wata daminar, gurbin koyarwa kuwa ya tafi ga wani. Saboda sunan tsohuwar nan, baiwar Allah, da ya ɓata, na ci shi tarar rago ɗaya, ya ja shi da hannunsa zuwa ƙofar gidanta ranar kasuwa, ya janye maganarsa a gaban dagaci da iyayen yara. Da ma Hausawa sun riga mu faɗa: ƙaramin sani ƙuƙumi ne.