Numfashin Mai Busa a Cikin Bututu

Shekara goma sha tara Mai Busa yana wanke kayan ɗakin tiyata. Cikin kayan akwai wani bututun roba mai gaɓa-gaɓa kamar maƙogwaron raƙumi, wanda ake haɗa wa mara lafiya idan an sa shi barci. Abin mamaki ne, mai karatu: mutum na kwance bai san duniyar da yake ba, roba na kai masa iska har huhu.

Aibin bututun ɗaya ne. In an tsamo shi daga ruwan magani, ɗigon ruwa kan maƙale a gaɓoɓinsa. Ƙa'ida ita ce a rataye shi ya tsane da kansa. Shi kuwa sai ya kafa baki ya hura, ruwan ya fice ta ɗaya gefen, bututu ya yi kuka kamar sarewa. Masu shara da ke jiyo kukan ta bayan ƙofa ne suka raɗa masa sunan. Babu wanda ya taɓa leƙawa.

Ana nan sai likita ya ce za a cire wa yayar Mai Busa ɗan ƙari a ciki. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu.

"Auta, ni ba wuƙar nake tsoro ba," ta ce, "barcin nake tsoro. In na ƙi tashi fa?"

"Haba Yaya! Ke da ko kiran sallah ba ya riga ki tashi? Kayan ma ni zan wanke da hannuna."

"To ka wanke fiye da yadda kake wanke wuyanka."

Ranar aikin yana fama da wani tari mai nauyi, kwana goma ke nan, amma ya ƙi zama a gida. Ya wanke bututun Yaya sau biyu. Ya hura, ya ɗaga shi ga hasken taga, ya hango ɗigo uku suna ƙyalli kamar taurari a rijiya. Ya sake hurawa da dukan ƙarfinsa har sai da suka ɓace.

Aiki ya yi kyau. Yaya ta farka tana tambayar ɗankwalinta. Rana ta huɗu zazzaɓi ya rufe ta, ƙirjinta na ƙugi. Rana ta tara aka ja mata mayafi.

Bayan mako guda babbar nas ta shigo ɗakin wanki. Ta ce gwaji ya nuna ƙwayar cutar da ta cinye huhun marigayiya tana cikin bututan ɗakin tiyata.

"Baba, ba zarginka nake ba. Nuna mini yadda kake yi kawai."

Ya wanke, ya jiƙa a magani, ya tsamo. Hannunsa ya kai bututun baki kamar kullum.

"Innalillahi! Baba, me za ka yi?"

Ya tsaya, robar na dab da leɓensa. Daidai lokacin tarin ya taso masa. Ya ji shi da kunnensa, ƙugi iri ɗaya da na ƙirjin Yaya. Ya zauna a kan jiƙaƙƙen siminti.

"Sau biyu na hura mata," ya ce. "Don ya fi na kowa tsabta."

Har yau, in iska ta bi ta kafar ƙofa ta yi kuka, Mai Busa kan toshe kunnuwansa. Ba Yaya kaɗai yake gani ba. Yana tunanin baƙin fuskokin shekara goma sha tara, waɗanda bai san yadda suka ƙare ba.

Jama'a, abin da ido ya gani fes ba lallai ne ya tsarkaka ba. Mai kula da kayan numfashin mara lafiya ya bi ƙa'ida, kada ya ƙara dabararsa, domin kyakkyawar niyya ba ta kashe ƙwayar cuta.