Motar da Take Gumi a Ainu Shams

Rabi'u ya tsaga dankali biyu, ya shiga goga shi a gilashin gaban motarsa yana ƙunƙuni. Jiya albasa ya goga, ya yi tuƙi yana hawaye har bakin titi. Shekaranjiya kuwa kumfar aski ce, wadda ba ta tsinana komai ba sai sa motar ƙamshin shagon wanzami.

Tun da sanyin Alƙahira ya kankama, kullum da safe gilashin nan sai ya yi fari fat da tururi ta ciki, ruwa yana gangarowa. Hitar motar ta mutu tun kafin ya saye ta, in ya murɗa sai ta yi tari ta feso masa ƙura. Abin da ya fi ci masa rai shi ne sauran motocin layin. 'Yar raɓa ce kawai ta waje, mai mota ya share da hannu ya wuce abinsa. Tasa ce kaɗai take gumi a unguwar Ainu Shams gaba ɗaya.

Da motar nan yake ci, don shi ke kai yaran Hajiya Lauratu makaranta. Hajiya ma'aikaciyar ofishin jakadanci ce, macen da ba ta wasa da agogo. Kafin ya goge gilashi ya ga hanya, cunkoso ya riga ya toshe gada, ya isa a makare.

Ranar dankali ma haka aka yi. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam Rabi'u, gobe in ka makara, khalas. Na nemi wani."

Duk dabarun nan daga wurin Baba Ya'ƙub suka fito, wani dattijo Bahaushen Sudan mai keken ful a bakin layinsu. Ful wake ne da ake dafawa dare guda a ƙatuwar tukunya, unguwar duka da shi take karya kumallo. Layin matsattse ne, don haka duk mai mota yakan bar wa Baba makulli ɗaya, ya matsar da ita in wani zai fita. Mutumin kirki ne, wallahi. Kullum sai ya ƙara wa Rabi'u ludayi guda, ya kuma tausaya masa.

"Ma'alish, yi haƙuri ɗana, sanyin bana ne," in ji shi.

Shi ne ma ya ba shi wani bargo mai kauri, ya ce ya bar shi a kujerar baya, yana shanye danshi. Bargon ya jiƙe dai kullum, gilashi kuma yana nan yadda yake. Kowace yamma kuma Baba ba ya mantawa sai ya tambaya, "Gobe ma sai gari ya waye za ka fita, ko?" Rabi'u ya ce e, yana jin daɗin samun mai kula da shi a ƙasar mutane.

Ya je wurin bakanike. Bakanike ya leƙa hitar, ya ce wannan motar ta girme shi, ya mayar da murfi.

A hanyar dawowa Rabi'u ya yanke shawara, bai gaya wa kowa ba. Ya gaji da shawarwari, ya gaji da kayan miya. Tsoro ne fal cikinsa, don in aikin nan ya tafi bai san inda zai sa kansa ba.

Da aka kira sallar asuba ya yi tasa a ɗaki, ya sauko yayin da mazan layi suke masallaci. Keken Baba na nan a rufe. Ya buɗe mota, ai kuwa gilashin ya fi na kullum fari, har da wani ɗumi-ɗumi a ciki. Bai tsaya goge komai ba. Ya sauke gilashin gefe, ya zura kai waje, ya tayar.

Kai, iska ta ba shi kashi! Hanci ya daskare, kunne ya daina ji, hularsa ta yi ban kwana da shi a kan gada. Motar ta yi nauyi yau, in ya hau tudun rage gudu sai ya ji wani abu ya yi ƙundum a baya. Ya ce a ransa wata sabuwar cutar ce, ta jira. Ƙamshin wake ya biyo shi, ya tuna bai karya ba, cikinsa ya yi ƙugi.

Waya ta yi ƙara a aljihu. Baba Ya'ƙub ne. Ta katse, ta sake, ta kuma sakewa. Rabi'u ya yi tsaki.

"Yau kuma ƙila tumatir za a ce in goga."

Ya isa ƙofar gidan Hajiya rana ba ta gama fitowa ba, haƙoransa suna karo da juna. Hajiya ta fito, yaran na biye da jakunkunansu. Ta duba agogo, ta dubi fuskarsa da ta yi furu-furu, har ta ɗan yi murmushi.

"Tamam. Ka tsira da aikinka."

Daɗi ya kama shi har ya manta da sanyi. Hajiya ta buɗe ƙofar baya don yara su shiga, tururi ya bugo mata fuska. Ta ja da baya, ta ɗaga gefen bargon da yatsa biyu.

"Malam Rabi'u, wannan fasinjan fa?"

Ya waiwaya. A tsakiyar kujera, an lulluɓe ta da bargo an ɗaura mata bel tsaf, tukunyar ful ɗin Baba Ya'ƙub ce zaune tana huci, a inda take fakewa daga sanyi kowace asuba kafin mai ita ya dawo daga masallaci.